Mai Gadinmu Ba Ya Cin Nama

Shekarar da muka tare a Azuba, gidanmu ne na ƙarshe a layin. Bayanmu gonar rogo ce, gefenmu kuma kangon wani bawan Allah da ya kai gini linta ya tafi bai dawo ba. Ba mu daɗe ba aka sace mana injin jan ruwa. Na sayo wani na ɗaure shi da sarƙa, aka zo aka kwashe har da sarƙar. A nan ne na ce to, kare zan saya.

Matata ta ce ba a gidanta ba. Ita tun tana yarinya, in kare ya shinshini kwano, kwanon ya tashi daga aiki sai an dirje shi da ƙasa. Na ce mata ai malamanmu sun yi sassauci a kan karen gadi. Ta ce su je su yi sassaucin a gidajensu. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan sharaɗi: kare zai zauna can bayan gida kusa da rijiya, ba ruwanta da cinsa da shansa, kuma duk ranar da ya taɓa mata zani, ni da shi za mu nemi wurin kwana.

Karen gida ban so ba, irin jajayen nan da ke kwance a gindin mangwaro. Na ƙasar waje nake so, wanda in ya yi haushi ɓarawo zai tuna da uwarsa. Aka yi mini kwatancen wani mai kiwon karnuka a bayan gari. Mutum ne mai fara'a, Hausarsa rabi Turanci, kuma tun daga ƙofa ya naɗa mini Alhaji alhali ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba. Ya nuna mini uwar da uban a keji, manya-manya, baƙaƙe da ruwan ƙasa a ƙirji. Ya bugi ƙirji ya ce jininsu ba gauraye, don uwar da uban ma ciki ɗaya suka fito, shi da kansa ya haɗa su don kada wani bare ya ɓata iri. Wallahi daɗi na ji da wannan magana. Na zaɓi wani ɗan kwikwiyo da ke zaune shiru a lungu yana kallon bango, mai kiwon ya ce na iya zaɓe, irin masu shirun nan su ne mugaye.

Na raɗa masa wani suna mai ban tsoro wanda yanzu kunya ba za ta bar ni in rubuta ba. Matata kuwa “abin nan naka” take ce masa.

Tunda mugu nake so ya zama, sai na dage da nama. Kullum in na taso daga aiki sai na biya wurin mahauta na karɓo tarkace, huhu ne, tumbi ne, guntun hanta ne. ’Ya’yana ma ba su ga wannan gata ba. Amma abin mamaki, kare yana ci ba ya girma. Kuma duk lokacin da ya cika cikinsa, can anjima sai ya tashi yana tangaɗi, ya yi ta zagaya rijiya, miyau na dalala, daga ƙarshe ya je ya dafa goshinsa a jikin katanga ya tsaya ƙiƙam. Ka kira shi ba ya ji. Na buga wa mai kiwon waya, ya ce ƙarfin jini ne ke damunsa, in ƙara masa nama. Na ƙara.

Wata Asabar da hantsi ya faɗi yana mimmiƙewa, idanu sun juye. Maƙwabcinmu ya leƙo ta katanga ya ce haukan kare ne, a kashe shi tun bai ciji yara ba, har ya ce yana da taɓarya in ina so. Matata ce ta fito daga kicin ta tsaya daga nesa, hannu a ƙugu, ta ce ita ta ga mahaukacin kare a garinsu, kuma mahaukacin kare ba ya jiran sai ya ci nama kafin ya haukace. Ashe duk kwanakin nan ta taga take lura da shi. Ta ce in ɗauke abin nan nawa in kai shi asibiti, ya daina mutuwa a gaban rijiyarta.

Na sa shi a buhu na fita titi. Mai keke-napep na farko da na tare, yana ganin abin da ke cikin buhun ya ƙara wuta. Na biyu ya yarda, amma ya ce in riƙe bakin karen.

Likitar dabbobin wata mace ce mai haƙuri, Hausarta irin ta mutanen garin Lafia, wadda ba ta damu da bambanta mace da namiji a magana ba. Ta duba shi, ta ɗebi jini ta aika Abuja, ta ce in dawo. Da na koma ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce jinin da ke fitowa daga hanji, ƙa'ida sai ya bi ta hanta an tace shi kafin ya zagaya jiki. Shi wannan an haife shi da wata jijiya da ke kewaye hantar, sai jinin ya wuce da dattinsa har ƙwaƙwalwa. Nama kuwa shi ya fi kawo dattin. Wato duk tarkacen da nake sayowa da zufata, ni ne nake bugar da shi.

Ta tambaye ni iyayensa. Na gyara zama na ce ai jininsu ba gauraye, wa da ƙanwa ne. Ta ajiye biro ta dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da nake yi wa ɗalibi in ya ba da amsar banza da ƙarfin gwiwa. Ta ce irin wannan ciwo yana bin jini, kuma mai kiwon da ya san aikinsa ba ya haɗa ’yan ciki ɗaya, in kuma ya ga ciwon ya fito sau ɗaya, ya raba iyayen ke nan har abada.

Hanya biyu ta ba ni. Akwai tiyata, a ɗaure jijiyar, amma sai a babban asibitin koyarwa mai nisa, kuma a irin manyan karnukan nan jijiyar kan ɓuya a cikin hantar, ba kowane likita ke shiga wurin ya fito da kare a raye ba. Ko kuma a lallaɓa: a daina ba shi nama kwata-kwata, a koma shinkafa da dankali da ɗan kindirmo da awara, kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ga wani maganin ruwa mai zaƙi da ake ba masu taurin bayan gida, ga ƙwayoyi. Na ce zai warke? Ta ce a'a. Zai iya yin shekaru, zai iya kasa kai damina. Gadi kuma in cire rai.

Na dawo gida raina a ɓace na zayyana wa matata. Na zaci za ta ce Allah ya ƙara. Sai ta ce, awara kuma? Na ce awara. Ta ce ta bakin titi da ake soyawa da man da ya kwana uku ba za ta yi wa mara lafiya ba. Washegari na ga ta jiƙa waken suya.

Haka aka koma. Ba ta taɓa shi, ko kusa. Ta samo wani dogon ludayi ta ɗaura masa kara, da shi take zuba masa abinci daga nesa kamar mai ba kada. Maganin kuwa ni ke ɗura masa, ita tana tsaye tana ba da umarni, tana cewa na zubar da rabi. Daga “abin nan naka” ya koma “mara lafiyan nan”. Cikin ’yan makonni tangaɗin ya ragu, ya fara bin ta a baya in za ta shanya, tana korarsa da bakin zani tana ce masa ya ji da kansa. Haushi dai sau ɗaya na ji ya yi, shi ma ƙadangare ya yi wa, kuma ƙadangaren bai motsa ba.

Ni fa har lokacin mai gadi nake so. Na koma wurin mai kiwon na faɗa masa abin da likita ta ce. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba. Ya ce likitoci sun cika tsoratarwa, in hanta ce ba lafiya a ba shi ɗanyar hanta mana, ta gyara ’yar'uwarta. Da ya ga fuskata sai ya sauko, ya ce shi ɗan kasuwa ne mai amana, kaya in sun lalace ana canzawa. Uwar ta sake haihuwa, zai kawo mini sabo har gida ya karɓi tsohon. Na ce to. A raina na ce wannan ai adalci ne, ko rediyo ka saya ta ƙi yi haka ake yi.

Ya zo ranar wata Laraba bayan la'asar, da kwali a bayan babur. Na shigo da shi tsakar gida. Matata tana bakin kicin a kan kujera ’yar tsugune tana yanka awara, ta yi alwala tana jiran magariba. Ita ba ta magana da baƙon namiji kai tsaye, don haka ta juyo gare ni.

“Malam, tambaye shi, wannan na kwalin su wa suka haife shi?”

Mutumin yana tsaye taku uku daga inda take, ya ji sarai, amma sai da na maimaita. Ya ce iyayen dai su ne, jini ɗaya, ba gauraye. Na juya na faɗa mata, ita ma ta ji sarai. Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa.

Ta ce in tambaye shi ’yan'uwan karen namu da aka haifa tare, suna ina. Ya ce duk an saya. Ta ce ba ta ce an saya ba, suna raye? Ya sosa ƙeya ya ce ɗaya dai mai shi ya ce ya mutu, amma rashin kulawa ne, wani kuma an dawo da shi. Ta ce wanda aka dawo da shi fa? Ya yi dariya ya ce Hajiya ba ta san harkar ba, ba a asara a kare. Akwai masu sayen kare don nama, masu zuwa da keji a bayan babur, su ba sa tambayar lafiya, nauyi suke dubawa.

Wannan ban fassara ba. Na cikin kwali ya hau kuka.

Ta ce, “Malam, gaya masa ya raba wa da ƙanwar nan. Abin da yake sayarwa ciwo ne, kuma ya sani.”

Ya ce insha Allahu zai duba, da irin muryar da ake cewa insha Allahu in ba za a yi ba. Sannan ya ajiye kwalin, ya ciro igiya daga aljihu ya nufi rijiya. Namu yana kwance, da ya ga mutum ya nufo shi sai ya hau kaɗa wutsiya, don shi a duniyarsa duk mai zuwa awara ya kawo.

Ban ga tashinta ba. Na dai ga ta riga shi isa, ta sunkuya ta ɗauki karen nan da hannu biyu ta rungume a ƙirji. Ya lashe ta a wuya, ya lashi mayafin, miyau har gaban riga. Ta runtse ido kamar an watsa mata ruwan sanyi, amma ba ta sake shi ba. Kuma a karon farko ta dubi mutumin ta yi masa magana da bakinta.

“Ɗauki kwalinka. Wannan a hannunmu ya yi ciwo, a hannunmu zai ƙare.”

Ya dube ni, wai ko maigida zai ce wani abu. Na taya shi ɗaure kwalin a babur. Na cikin kwalin ya leƙo da kai, lafiyayye a ido, kyakkyawa, kuma tausayinsa ya kama ni fiye da na namu, don ban san gidan da zai faɗa ba.

Ranar sai da ta yi wanka ta canza kaya kaf, ta kusa rasa magariba, kuma duk ni ta ɗora wa laifi. Sharaɗin neman wurin kwana dai ba ta tayar ba, ni ma ban tuna mata ba.

Bayan ’yan watanni na ga mai kiwon ya sa hoton sababbin ’yan kwikwiyo a waya, da rubutu a ƙasa wai jini tsantsa. Na kira shi, bai ɗauka ba. Na gaya wa likita, ta ce tana faɗa wa duk wanda ya tambaye ta, amma yawanci sai bayan sun saya suke zuwa. Matata kuwa ta ɗauki abin a ka. A gidan suna, a gidan biki, a layin awo, duk matar da ta ce mijinta na neman kare sai ta ji tarihin hanta tun daga hanji.

Injin ruwa na uku, ɗaki na gina masa da ƙofar ƙarfe. Mai gadin namu kuma mu ke gadinsa. Ranar Babbar Sallah ce ta fi wuya, don maƙwabta mutanen kirki ne, kowa ya yanka sai ya tuna da karen Malam ya wurgo ƙashi ko tumbi ta katanga. Shekarar farko ya samu wani guntu kafin mu gani, ya kwana biyu goshi a bango, matata ta ƙi cin naman layyarta. Tun daga nan, in an sauko daga idi, mutane na can suna fiɗa, ni ina zaune a bayan gida da sabuwar shadda da sanda a hannu, ina tsare kare daga alheri.

Ya ga damina biyu yanzu. Bai girma sosai ba, kuma kwanan nan ya fara rama, wani lokaci ko awarar sai ya shinshina ya kau da kai. Likita ta ƙara magani, ba ta ƙara alkawari ba. Ludayin mai kara yana nan rataye, an daina amfani da shi.

Kullum da safe, kafin ta hura wuta, sai ta zagaya bayan gida. Ina jin takunta daga ɗaki, ta wuce taga, ta kai rijiya, sai ta ɗan yi shiru. Sannan ta ɗaga murya ta ce, “Malam, mai gadinka ya tashi.” Ni da na sayo shi don in riƙa barci da daɗi, ba na iya sauko da ƙafa daga gado sai na ji wannan magana. Ina jin tsoron shirun nan, kuma kwanan nan yana ƙara tsawo.