Maɓallin da Yaya Habu ya bari

Shekara biyar ke nan da korona ta ɗauke Yaya Habu a nan Doha, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban murɗa maɓallin akwatinsa ba.

Injiniyan lantarki ne, amma tun muna Kaduna ƙwaƙule-ƙwaƙulen rediyo ne cutarsa. A ɗakinmu na unguwar Al Muntazah ya haɗa irin abin kiɗan lantarki na farko-farko, wanda ya ce an ƙirƙiro wajen shekara ɗari da suka wuce: akwatin katako mai eriya biyu. Ba a taɓa shi. Hannu ake kusantowa a iska, sai ya yi kuka. Na laƙaba masa suna sauron Yaya. Yakan yi dariya ya ce, "Khalas, ya isa haka, Bala. Rashin sani, kaza ta kwana kan dami."

Akwatin yana jin jikin mai kaɗa shi, don haka kowa sai ya saita maɓallin daidai girmansa. Yaya ƙato ne. Ni in na tsaya a gurbinsa, ƙara kawai nake samu.

Burinsa ya ƙware kafin gasar cin kofin duniya da za a yi a nan, ya kaɗa wa abokanmu 'yan Zango na Ghana. Duk sanda ya ce in ɗauke shi a waya, sai in ce sai ya iya tukuna. Sai aka kwantar da shi a asibiti, aka hana mu shiga. Har aka binne shi ban taɓa hannunsa ba. Gasar ta zo, gari ya cika da ganguna, ɗakinmu shiru. Da yana nan yau, da ya rantse duk kiɗan da ke fita daga wayoyin mutane jikokin sauronsa ne.

Makon jiya 'yarsa Zainab, wadda ke karatun injiniya a Zariya, ta kira ni.

"Baffa, a aiko mini da akwatin Baba, ina so in koya."

Na ce in za ta koya, dole ta murɗa maɓallin. Ta ce, "Ai Baba ba don ajiya ya haɗa shi ba."

Gaskiyarta. Abin da ya bari na gaske shi ne wannan hannun nata mai son ƙwaƙule-ƙwaƙule. Amma saitin nan shi kaɗai ya rage mini na tsayin yayana da faɗin kafaɗarsa, kuma wallahi ina kewarsa.

Gobe masu kai kaya za su zo. Ɗazu na jona akwatin da wuta, na tsaya inda Yaya yake tsayawa, na ɗaga hannu. Ya yi kukansa marar daɗi, don bai ji mai shi ba. Wannan karon na ɗauka a waya.