Baitin Gola

Ban taɓa taka filin ƙwallon unguwarmu ba, amma babu wasan da aka yi a cikinsa a shekarun nan da ban ji ba. Gidanmu a unguwar Yerimaram yake, lungu ɗaya ne tsakanin katangarmu ta gabas da filin. Mu mata da kunne muke kallon ƙwallo. Idan ihu ya tashi ya daɗe, namu ne suka ci. Idan ya tashi ya yanke, hari aka kai aka ɓarar. Idan kuwa muka ji tsit sai 'yar sowa can gefe guda, to baƙi sun zura mana, ranar yara ma da wuri suke dawowa gida suna neman wanda za su huce a kansa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, garin yana ta cika da baƙin fuska, kowace unguwa kuma ta kafa kulob ɗinta. Abin da ya fi shigo mana gida shi ne hidimar da ake yi kafin a take ƙwallo. Ana idar da la'asar wani mai gyaran rediyo zai ɗaure lasifika a reshen darbejiya, ya jona da batirin mota, ya saka kaset ɗin Indiya wanda ya sha juyi har muryar mawaƙiyar ta koma ta akuya mai mura. Wannan kiran jama'a ne kawai. Da fili ya cika sai ya kashe, masu kalangu su karɓa.

Mai ba da waƙa wani mahauci ne, ɗan ƙabilar Karai-Karai, gajere mai faɗin ƙirji, wanda da safe za ka same shi yana sarar ƙashi a kasuwa. Hausarsa da gargada, amma idan ya buɗe maƙogwaro ba ya buƙatar lasifika. Shi ya yi wa kowane ɗan wasa baitinsa. Ba a tare suke shiga fili ba, ɗaya bayan ɗaya ne: ya rera baitin mutum, jama'a su amsa, su kira sunansa, sannan ya shigo da gudu yana ɗaga hannu. Wani ya yi masa da Hausa, wani ya sirka da Ngizimanci ko Bolanci ko Fillanci, gwargwadon gidan da yaro ya fito, jama'a kuma su amsa ko ba su ji me aka ce ba. Gola ne ƙarshen shiga, kuma shi kaɗai ake tsayar wa da kiɗa.

Golan yayana ne, ɗan farin Inna. A kasuwar shanu yake aiki da Baba, yana cikin masu loda shanu a tirelolin da ke tafiya kudu. Dogo ne, hannuwansa kamar an ƙara musu tsawo, duk sun yi kanta saboda igiya. Daga nan mahaucin ya samo baitinsa. Kalangu zai yi shiru, ya ɗaga murya ya ce, "Wanda ya riƙe ƙahon bijimi, ina ƙwallo za ta bi?" Fili gaba ɗaya ya amsa, "Babu hanya!" Sai su kira sunan Yaya su ja shi, su ja, har sai numfashinsu ya ƙare. Kwanukanmu da ke kife a gindin katanga har rawa suke yi.

Inna kuwa ba ta taɓa faɗin sunan nan ba. Bafillatana ce daga wani ƙauye a ƙasar Nangere, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ne. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". Ba ta kallon fuskarsa, ba ta miƙa masa abinci da hannunta, sai dai ta ajiye ta ce da ni, "Ga tuwon can." Idan ya gaishe ta, bango take amsa wa. Ni abin haushi yake ba ni, don ni dama ba a san ni da haɗiye magana ba. Wata rana na ce mata, "Inna, wai ke ba kya son Yaya ne?" Ta jefe ni da mafici ta ce bokon da aka sa ni ne ya cinye mini kunya.

Amma ni na san abin da na sani. Duk ranar wasa, ana fara kaset ɗin nan, sai ta ɗauki tabarma ta koma gindin katangar gabas, wai can ya fi iska. Ƙarya ne, wurin ko kaza ba ta zama saboda zafi. Za ta zauna da tiren shinkafa tana tsince tsakuwa kamar ba ta jin komai. Idan aka tsayar da kalangu sai hannunta ya tsaya. Ba ya sake motsi sai an gama jan sunan. Ban taɓa nuna mata na lura ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta san na lura ba. Abin da bakinta ba zai iya ba, mutanen gari suna yi mata shi da ƙarfi, tana zaune tana karɓa.

A wata bazara sanƙarau ya shigo gari. Yaya ya dawo daga kasuwa yana cewa kansa, kafin wayewar gari wuyansa ya sanƙare. Aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Ba zan tsawaita a nan ba, har yau ba na iyawa.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Mata suka cika gida suna yaba mata, wai ga mai dauriya, ga mai tawakkali. Ni kuwa ji nake kamar in kore su da muciya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda sunansa ya ɓace rana ɗaya. Kowa sai "marigayi", sai "mamacin". Abokansa ma idan suka zo gaisuwa sai su ce "ɗan'uwanmu", suna sunkuyar da kai. Matar kawunmu ta haihu aka mayar da sunan, amma tun ranar suna aka laƙaba wa jaririn wani laƙabi don kada Inna ta riƙa ji. Kowa yana yi mata kara, kowa yana ɓoye mata abu ɗaya da ya rage mata.

Filin ma ya yi shiru. Unguwa ta ajiye ƙwallo da kiɗa har aka yi sadakar arba'in. Bayan nan aka sa ranar wasa da 'yan kulob ɗin Ngojin.

Ana jibi wasan mahaucin ya zo wurin Baba. Suka zauna a zaure, aka aike ni da ruwa. Na ajiye na koma bayan ƙofa na tsaya, don na ji ya ambaci fili.

"Alhaji, mun zauna da yara," in ji shi. "Za mu koma wasa, amma baitin marigayi mun ajiye shi. Gidanka na nan kusa, komai ana ji. Ba za mu tayar wa uwarsa da ciwo ba. Sabon golan ma ba zan yi masa waƙa ba tukuna, haka zai shiga."

Baba ya ce, "Kun kyauta. Allah ya saka da alheri."

Ban san lokacin da na leƙo ba. Na ce, "Baba, don Allah kada su cire."

Suka juyo gaba ɗaya. Baba ya ce, "Ke, wa ya sa da ke?"

"Inna tana saurare. Duk ranar wasa tana saurare."

Baba ya yi tsaki. "Uwarki? Ita da ko sunansa ba ta faɗa? Wuce ciki."

Mahaucin ya yi mini magana a hankali, idonsa ya kaɗa. Ya ce, "'Yata, ko na so ba zan iya ba. In kira shi, wa zai shigo? Jama'a su ja suna, ƙofar fili babu kowa? Wanda ya riga mu addu'a ake masa, ba kalangu ba."

Gaskiyarsa ce. Tun daga ranar rasuwar, an ce, ko a kasuwa ba ya ɗaga murya. Ba mugunta ta kawo shi ba, tausayi ne, irin tausayin maza da ke yanke wa mace abin da zai dame ta ba tare da an tambaye ta ba. Kuma ko an tambaye ta me za ta ce? Cewa za ta yi ita ina ruwanta da ƙwallo. Na koma ciki raina a ɓace, ina jin haushinsu, ina jin haushinta, ina jin haushin kunyar da ta ɗaure kowa.

Na rasa yadda zan gaya mata. Idan na ce, "Inna, ba za su kira shi ba," na tona mata asirin da ta shekara da shekaru tana rufewa. Sai na bi ta wata hanya. Ranar wasan da hantsi na ce mata mu je mu duba goggo, an ce ba ta jin daɗi.

Ta ce, "Jiya ta aiko, ta warke."

"To mu je barka gidan kawu."

"Mun yi barka. Ke yau me ke damunki?"

Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, sannan ta ci gaba da abin da take yi.

Aka yi la'asar. Mai rediyo ya saka kaset ɗinsa, wannan dai na kullum. Inna ta fito daga ɗaki da tabarma a hammata, ta wuce gindin katanga ta shimfiɗa. Ranar ko tire ba ta ɗauko ba. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta rufe kanta da mayafi, hannuwanta a cinya. Na je na zauna a gefen tabarmar. Ba ta ce in tashi ba.

Kalangu ya karɓa. Da farko muryar mahaucin a dushe take, jama'a ma amshinsu babu ƙarfi, kamar kowa yana jin nauyin ya fara. A hankali suka warware. Aka kira ɗan gidan mai gyaran keke, aka kira ɗan Bolawan nan mai gudun tsiya, aka kira yaron da ake tsokana da cewa ƙafarsa ta hagu ce kawai Musulma. Duk na san su da baitinsu, duk sun ci tuwo a gidanmu. Kowane suna aka ja, sai in ji kamar ana matso da wani abu kusa da mu. Ina satar kallon Inna, ba ta motsa ba.

Aka kira na ƙarshe kafin gola. Sai kalangu ya tsaya.

Ina jin makaɗan ba da niyya suka tsaya ba, hannunsu ne ya saba. An ce musu su zarce, amma wurin ya zo suka ɗauke hannu kamar kullum. Fili ya yi tsit. Ban taɓa jin taron mutane ya yi shiru irin wannan ba, har kukan wata tunkiya muna ji daga bayan layi. Wasu yara can suka fara, "Babu han—" aka yi musu tsawa suka haɗiye. Mahaucin bai ce komai ba. Daga baya aka gaya mini yana tsaye ne ya rufe fuska da hularsa, sabon golan kuma ya tsaya a bakin fili ya kasa shiga.

Inna ta ɗaga kai tana jira. Na ga wuyanta ya miƙe, ta karkata kunne wajen katanga. Shirun ya yi tsawo. Ta jira, ta jira. Ni kuwa hawaye ya riga ya wanke mini fuska, ina cewa a raina, ku faɗa mana, mutum ɗaya ya faɗa mana. Babu wanda ya faɗa. Sai muka ji usur, aka take ƙwallo, hayaniya ta koma yadda take.

A nan ne Inna ta buɗe baki ta kira sunan Yaya.

Ba da ƙarfi ba. Ko wanda ke tsakar gida ba zai ji ba. Ta ja shi kamar yadda suke ja, amma muryarta ta karye a tsakiya, harshenta na Fillanci ya lanƙwasa shi ya fito wani iri, kamar sunan wani baƙo. Tun da aka raɗa masa shi bai taɓa bi ta bakinta ba, bakin bai san hanyarsa ba. Ta kai shi ƙarshe duk da haka.

Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a lokacin ba, kuma duk haushin da na tara mata tun ina yarinya ya zube a wurin. Muka zauna, ana ta ihu a bayan katanga, ban san wa ke cin wa ba.

Can ta juyo, ba ta kalle ni ba, ta tambaye ni a hankali, "Haka suke faɗa?"

Na ce, "Haka ne, Inna."