Illa ya tafi ya bar mini barewa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin dama fura da safen nan salula ta yi ƙara: Illa ya rasu. Motarsa kat-kat ce ta kife da shi a hanyar dawowa daga Bilma.

Tun ɗazu na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in koma.

Illa jikan yayata ne. "Mijina" nake ce masa tun yana yawo ba wando, shi kuma ya ce mini "tsohuwar amarya". Ubansa ɗan kasuwa ne daga Maraɗi, uwarsa Buzuwa. A wurin kawunnansa ya tashi a Abzin yana kiwon raƙuma, can ya koyi karanta sawu. Sai ya dubi rairayi ya ce barewa biyu sun wuce nan, ɗaya tana ɗingishi.

Lokacin da turis, masu yawon buɗe ido, ke cika Agadas shi ne gid ɗinsu, mai yi musu jagora. Nasara su biyo jirgi tun daga ƙasarsu, ya kwantar da su rub da ciki wuni guda don su hangi ragon dutse ɗaya. Na ce, "Mijina, wannan ba sana'a ba ce, mugunta ce." Ya ce, "Ke dai ba a gayyace ki ba, surutunki har jimina zai kora."

Da turis suka daina zuwa ya koma ɗaukar masu haƙar zinariya. Su ma bai raga musu ba. Ya tsai da mota tsakiyar hanya, ya ciro jumel, madubin hangen nesa, suna ta masifa shi yana kallon dabba.

Bai taɓa dawowa babu dabino a hannu ba. Bara da ƙafata ta kumbura, goya ni ya yi har cikin mota, yana cewa amaryar nan ta fi buhun gishiri nauyi.

Ganinmu na ƙarshe wata biyu ke nan. Ya shigo da ƴar barewa naɗe cikin rawaninsa. Wasu ne suka bi uwar da mota suka harbe.

Ya ce, "Riƙe mini ita, bayan damina zan mai da ta daji. Ki ajiye mata abinci ki juya baya. Kar ki ba ta a hannu, kar ki yi mata hira. In ta saba da mutum, motar farko da ta gani za ta nufa."

Na ce to.

Jama'a, ni za a hana hira? Kwana uku na daure. Na huɗu na raɗa mata suna Madam, saboda tafiyarta. Dabino a tafin hannuna take ci. Na shafa mata lalle a goshi, na rataya mata laya kamar tunkiyar gida. Yanzu ko mai ruwa ya shigo sai ta raka shi har ƙofa.

Na shirya in ya dawo in ce ita ta fara. Yau wa zan yi wa ƙaryar?

Wani maƙwabci da ya zo gaisuwa ya dube ta ya ce ai ga naman sadakar uku. Na ce, "Malam, ƙofa na nan inda ka bar ta."

Ba za a yanka ta ba. Amma in ta koma daji a haka, ni na kashe ta. Ɗazu na kwance layar, na zuba mata ganye, na juya baya. Tana ta jan bakin zanena. Ban juyo ba, kuka dai na yi.

Gid-gid da direbobin da suka yi aiki da shi, wanda ya san yadda ake raba barewa da mutum ya zo ya koya mini kafin damina ta wuce.

Allah Ya jiƙan Illa, Ya yi masa rahama kamar yadda ya tausaya wa marasa baki, Ya ba uwarsa haƙuri. Duk wanda ya karanta ya sa shi cikin addu'a, ya roƙa mini ikon kame bakina.