Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Duk wanda ya zo duba Baba a daminar nan sai da ya faɗi abin da ke damunsa, kuma ba wanda ya faɗi daidai. Gwaggo ta ce iskar gonar ce. Kawu ya ce hannun mutum ne, yana nuna gidan maƙwabcinmu da leɓe. A kemis aka ce zazzaɓi ne, aka ba shi ƙwayoyi. Ba wanda ya dubi robar da yake zuwa gona da kunu a ciki.

Mu a Sakajiki ba a yar da roba mai murfi. Ledar ruwa kam ga ta nan ko'ina, ta toshe magudana, awaki na ci. Amma robar maganin feshi, in ta ƙare, dukiya ce. Tana da ƙwari, murfinta ba ya yoyo. A zuba man gyaɗa, a zuba nono. Ranar Kasuwar Daji har a tire ake jera su ana sayarwa.

Ta Baba mai jan murfi ce, ta maganin feshin wake. Tun da gorarsa ta duma ta fashe Inna ke cika masa ita da kunu mai zafi. Kafin azahar sai a dawo da shi kan babur, yana amai, gumi ya jiƙa rigarsa, miyau na zuba. Ya kwana biyu a gida ya warware. Ya koma gona, abin ya dawo. Sau huɗu. Mutum mai noma kunya ashirin bai miƙe ba ya koma sai an riƙe shi zuwa bayan gida.

Ni na gane, kuma ba wani ilimin sakandare ba ne. Wanke-wanke nake, na zuba ruwan zafi a robar, na buɗe, warin ya bugi hancina har idona ya yi ruwa.

Na ce, "Inna, wagga robar ce ka kashe Baba."

"Ke, rufe man baki! Ni na wanke ta da hannuna. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."

"Inna, wannan wankin na ƙwaryar da kare ya lasa ne. Wagga guba ce, ta shige cikin robar."

"To malama. Abin da ya tsarkake bakin kare shi zai kasa ruwan feshi?"

Gwaggo na gefe tana tsinke zogale, ta yi dariya ta ce, "Bar ta, boko ne ke mata yawo a kai."

Na miƙa wa Inna robar na ce ta sunsuna. Ta sunsuna, ta kau da kai, ta yi tari. Ba ta ce na yi gaskiya ba. Cewa ta yi, "To a mi zai sha kunun?"

Na ɓoye robar, na ba shi kwanon sha mai murfi. Sati uku Baba bai yi amai ba. Kawu ya ce rubutun da ya karɓo ne ya yi aiki. Ban yi musu ba, na gaji. Allah ne ya ba shi lafiya, wannan ba gardama.

Abin da ya ƙarasa ni, ran nan na shiga ɗakin Inna neman allura, na tarar da robar bayan tukunya. Ta tono ta daga inda na ɓoye, ta sake wanke ta, ta kife, tana jiran ranar da kwanon zai ɓace. Ba mugunta ba ce. Hannunta ne ba ya iya yar da abu mai murfi.

Na daina bayani. Na sami ƙusa babba na ajiye kusa da murhu. Duk robar feshin da ta ƙare a gidan nan, ranar da ta ƙare zan gasa ƙusar in huda gindinta wuri uku, in haƙa rami nesa da rijiya in binne. Inna za ta yi faɗa, Gwaggo za ta ce almubazzara ce ni. Da mai jan murfin zan fara.