Kujerar Jirgin Baba Mai Tausa

Shekara talatin Baba Mai Tausa ya yi yana murza ƙafafun zakaru a sansanin 'yan wasa, cikin wani ɗaki mai gado ɗaya da fanka mai tari, har bangon warin man zafi yake. Shi kansa bai taɓa gudu ba sai ranar da kare ya biyo shi, amma zauna da shi a bencin ƙofar gida ka sha labarin halin kowa.

"'Yan tseren mita ɗari? Kana tausa suna gyaran gashi. 'Yan ƙwallo su shida za su shigo, ɗaya ke ciwo, biyar surutu. Masu ɗaga ƙarfe kuwa, ƙato kamar firij, ka taɓa jijiya ya hau kiran uwarsa."

Amma in aka zo kan masu dogon gudu, sai ya gyara zama. "Waɗannan su ne mutane. Ba baki, ba fariya, ba sa manta alheri." Dogo yake nufi, wanda yake yi wa tausa tun ba shi da takalmin kirki. "Ɗana" yake ce masa.

Da Dogo ya sami gurbi a babbar gasa a ƙasar waje, aka ce ya zaɓi mutum ɗaya ya raka shi. Baba bai ko tambaya ba. Ya yi fasfo, ya ɗinka kwat, ya aro akwati.

Matarsa ta ce, "Malam, ya faɗa maka da bakinsa?"

"Ke ba ki san masu dogon gudu ba. Shirunsu ma magana ne."

Maƙwabta kuwa har sun fara ba shi sautu.

Wata Litinin da safe, Dogo na kwance rub da ciki a gadon, sai wani ɗan ƙwallo ya leƙo. "Baba, ashe ba da kai za a je ba? Sunan ƙanin matar Dogo na gani a allon sanarwa."

Baba ya fita da mai a hannunsa. Ya bi takardar sunayen da yatsa sau biyu har ta yi tabo. Ƙanin matar nan ko kwalbar man zafi bai taɓa buɗewa ba.

Ya dawo. "Dogo, yaushe ka ba da sunan?"

"An kwana biyu, Baba."

"Sati nawa?"

"Uku."

"Kana kallona ina gwada maka kwat, har kana cewa ta yi min kyau?"

Dogo bai ɗago ba. "Na rasa ta inda zan fara ne. Baba, a ƙarasa min ƙafar hagun, jibi ne tafiyar."

Baba ya dubi sha-raɓar. Ya san daidai inda jijiyar ta ƙulle, wurin da yatsansa kaɗai ke ganowa. Ya ɗauki tawul ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Sauka. Surukinka ya ƙarasa."

Ya yaye zanen gadon tun Dogo bai gama ɗaura takalmi ba.