Lahadin Da Baba Bai Miƙe Ba

Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Fabrairun 2001, Mama ta tashe mu da sassafe, ta mulke mu da man kaɗanya har muna ƙyalli, muka bi gefen titin jirgi zuwa wata 'yar majami'a ta masu jin Hausa a Agege. Ranar aka fara sujadar tunawa da gudun da muka yi daga Kaduna lokacin rikicin addini, shekara guda kafin nan. Matan zumunta suna buga tulu, zafi yana saukowa daga kwanon rufi, ni kuwa hankalina yana kan shinkafar da za a raba.

Al'adar ita ce fasto ya riƙa kiran unguwannin da aka baro, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ji tasa sai ya miƙe ya ce, "Da yardar Ubangiji za mu koma." Ana kiran tamu Baba ya zabura, muryarsa ta danne ta kowa, har sai da na sunkuyar da kai don kunya.

Shi kam da gaske yake. Ɗaki guda muke haya, tsakanin wani Bakano mai goro da wata Bayarabiya mai ƙosai. Baba ya hana a sayi gado ko kujera, wai kaya masu nauyi wahala ce ranar tafiya. Ko barkonon da Mama ta shuka a tsohon bokiti sai da ya yi mitarsa. Mu yara ba ruwanmu. Mu ɗebo ruwa a rijiya, mu yi 'yar gala-gala a bakin kwata, mu bi motar haya ta danfo da gudu muna kwaikwayon kwandasta. In ya ji Yarabanci a bakina sai ya ce, "Ladi, kada ki saba, mu baƙi ne."

Bayan Kirsimeti ya roƙi hutu a wurin da yake gadi, ya tafi Kaduna duba gidanmu. Ya tarar an yi masa sabon fenti, wasu mutane suna ciki. Matar gidan ta ba shi ruwa a kofi, ta tambaye shi wa yake nema. Maƙwabtanmu na dā duk sun watse. Mama ce ta gaya mini wannan bayan na girma, shi bai taɓa ɗaga maganar ba.

A sujadar 2002 fasto ya kira unguwarmu, ya dakata, ya sake kira. Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Na ja rigarsa, ina tsammanin gyangyaɗi ne ya kwashe shi. Ya ce a hankali, "Bari, 'yata. Babu inda za mu." Ko ranar gudun ban ji tsoro irin na wannan rana ba.

Har yau ana yin sujadar, sai dai ta koma bikin anko da ɗaukar hoto. Ana kiran unguwannin, yaranmu suna latsa waya, ba su ma san wuraren ba. Baba yana kwance a maƙabartar Agege, cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar da bai taɓa so ba. Ni ma in an kira tamu a zaune nake ji, ina kewar lokacin da na yarda muna da wurin komawa.