Sarƙar da na ɗaura wa taraktan yayana

Shekarun baya ni bakanike ne a unguwar Kwaciri a Kano, ina ji da kaina, ba na son a ce akwai abin da ban sani ba a harkar inji. Yayana kuwa direban tarakta ne. Idan damina ta yi nisa, lungunan bayan Kasuwar Singa suka zama taɓo, shi ake kira ya jawo motocin kaya da suka kafe. Kullum kukansa ɗaya ne: tayoyin baya sai su yi ta juyawa a wuri guda, ba sa kama ƙasa.

Wata rana na ga bidiyo a waya, manoman ƙasashen sanyi suna naɗa wa taya sarƙa, suna rataya nauyi a baya don ratsa dusar ƙanƙara. Na ce ai taɓo ma santsi ne. Na je Sabon Gari wajen wani dattijo Ibo mai walda, ya haɗa mini sarƙoƙin, na cika duro da kankare muka ɗaure a baya. Dattijon ya gaya mini sau biyu cewa gaban ya yi sakayau, in ba a sa masa nasa nauyin ba taraktan zai iya miƙewa tsaye. Na amsa masa da to, a raina ina cewa aikinsa walda. Ban gaya wa yayana wannan maganar ba.

Ranar da muka gwada, bayan sallar Azahar, aka ɗaura masa wata motar shinkafa da ta kafe. Ya ba da wuta, sarƙa ta ciji ƙasa, motar ta ƙi motsi. Ina tsaye ina kallo gaban ya tashi sama, taraktan ya kife ta baya da shi. Kafin 'yan dako su zaro shi, ƙashin bayansa ya karye.

Har yau bai sake takawa ba. Da na tona masa gaskiya a asibiti, ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Matarsa dai gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba.

Rabin ilimi na ɗauko na gwada a jikin ɗan'uwana. Ku masu gyara, idan wanda ya girme ku a sana'a ya yi muku gargaɗi, ko kun raina shi, ku isar da shi ga wanda zai hau kujerar. Shi ke da hakkin ya ji.